Kifin da Na Miƙa wa Tsaga

Da sunan Wanda ya zuba gishiri a teku ya bar kogi da daɗinsa, ya ba kowace halitta gidanta da abincinta da lokacin barcinta. Bayan haka, ya ku baƙi, ni ne Anaruwa ɗan Cindo, mutumin Gungun Tsamiya, masunci jikan masunta, wanda ya taka ƙasashe goma sha ɗaya da ƙafarsa, ya shiga teku sau biyu, sau ɗaya a jirgi sau ɗaya a kan gora. Ku zauna kan rairayin nan. Rana ba ta karkata ba tukuna, 'yan huci suna barci, ba kuwa mai sa ƙafa a ruwan nan sai sun farka. Kai mai jar hula, tun ɗazu na ga kana hararar zaren da ke hannuna. To, kafin in ɗaura maka shi ka ji dalilinsa, kada ka koma garinku ka ce wani tsoho ya ɗaure ka kamar akuya.

A gidan ubana, kullum bayan magariba akan fito da akushi ƙofar gida, mutum goma sha biyu su zagaye shi, har da wanda hanya kawai ta biyo da shi. Uwata, Allah ya jiƙanta, ta taɓa gaura mini mari don na ci rogo a gaban wani matafiyi ban ce masa bismillah ba. Ta ce idon da ya ga abincinka yana da rabo a ciki. Da wannan na tashi, da shi na yi aure, da shi na haifi 'ya'ya biyu. Sai wata shekara kogi ya cika ya koma, ya bar mana zazzaɓi. Cikin wata biyu na binne matata Tasalla, na binne yaran, na binne ƙannena uku. Waɗanda suka saura suka ɗaure kaya suka bar gungun. Ni kuwa na yi taurin kai na zauna, ina tuƙa tuwo da kaina, in fito da akushi ƙofar gida, in ce bismillah, ba mai amsawa sai kwaɗi. Wallahi yunwa ba ta taɓa ba ni wuya ba kamar yadda cin nan ni kaɗai ya ba ni. Ran nan na wanke akushin na kife shi, na ja ƙofa, na kama hanya.

Shekara bakwai ina tafiya ina neman maganin kewa. Na ratsa ƙasar da ruwan samanta ɗumi ne har ana dama kunu da shi. Na kwana a garin da bishiyoyi ke matsawa su bi inuwar juna. Na isa Dutsen Amsa, wanda in ka yi masa sallama sai bayan kwana uku yake maido maka. Ba zan ɓoye muku ba, na zauna kwana ukun nan a gindinsa, don kawai in ji an ce mini salamu alaikum, ko da kuwa da muryata ce. Da ta dawo na amsa, na kuma yi kuka.

A gindin dutsen akwai wani makaho mai tufka igiya. Ya ji kukan ya ce, "Malam, me aka yi maka?" Na gaya masa. Ya ce, "Ka bi faɗuwar rana har ƙasa ta ƙare. A tekun can akwai wasu halittu, mutanen wurin suna ce musu 'yan huci, matuƙan jiragen nesa kuwa dolfin suke cewa. Siffar kifi gare su, amma iska suke shaƙa ta wata ƙofa a tsakiyar kai, suna haihuwa, suna shayarwa. An ce ba sa barin ɗayansu shi kaɗai. An ce wanda ya yi iyo a cikinsu yakan fito zuciyarsa ta yi sauƙi." Na ce, "Ka taɓa yi?" Ya ce, "Ina fa! Ni igiya nake tufkawa."

Wata biyar na yi kafin ƙasa ta ƙare, kuma inda ta ƙare mini sunansa Tashar Ganga. Tir da wannan wuri. Mai shi wani ƙato ne, Sarkin Jirgi Gagarau, yana da jirage ashirin, kowanne da makaɗa. Da hantsi, lokacin da 'yan huci suka shigo ruwa mara zurfi don su huta, sai jiragen su zagaye su, a saki ganguna. Baƙi daga ƙasashe su yi ta tsalle cikin ruwa, wannan ya cafki fiffike, wancan ya ja wutsiya, wani ya hau baya ana masa shewa. A tudu kuma ya gina tafki da dutse, ya zuba guda shida a ciki. Waɗannan ba sa ma iyo, sai dai su jeru a bakin tafkin baki buɗe, suna jiran a jefa musu kifi.

Yunwa ta sa na karɓi aikin tuƙi. A rana ta uku na ga wani ɗan ƙarami da ganguna suka raba da uwarsa, yana ta kewaya wuri ɗaya yana wani siririn kuka. Na ajiye filafilin tuƙi. Gagarau ya daka mini tsawa daga gaban jirgi.

"Kai baƙon banza, kallo aka kawo ka yi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, barci fa suke muka tashe su."

"Barci? To je ka shimfiɗa musu tabarma!"

Aka bushe da dariya, aka sa mini igiya a ƙafa, aka mai da ni ɗiban ruwan sha. Da me suke ɗiban ruwan kuwa? Goruna, manya-manya, irin waɗanda mu a gida muke kifa ciki a kai mu yini muna su. Su ba su san ana hawan gora ba. Da rana ta take tsaka na ce wa mai gadina ruwan ya fara wari, a kwance ni in wanke gorunan a bakin teku. Ya dubi teku, ya dube ni, ya ce, "Wanke mana, in za ka gudu ka gaida kifaye." Ya kwance ni ya koma inuwa. Na zaɓi mafi girma, na zubar da ruwan, na kifa cikina a bakinsa, na tura. Ina jin ihunsu a baya, amma matuƙa duk sun watse cin abinci, kafin a tara su igiyar ruwa ta shawo da ni bayan dutse. Sauran yinin a ruwa na yi shi. Dab da magariba na shiga tsakanin duwatsu biyun can da kuke gani, ruwa ya ajiye ni a nan, daidai inda kuke zaune.

Da na ɗaga kai sai ga wata tsohuwa tsaye, gajera, baƙa, tana murza zare a cinya. Ita ce Iya Yalwa, mai tsaron wannan gaɓa, wadda ake kira Gaɓar Shiru. Ba ta tambayi sunana ba. Ta dubi zanen igiya a ƙafata ta ce, "Daga wurin Gagarau?" Na ce i. Ta ce, "Ka kaɗa ganga?" Na ce tuƙi na yi, kwana uku. Ta ce, "To ka je ka yi wanka."

Washegari ta karanta mini dokokin wurin, ba ta ko kallona. Daga safe har la'asar 'yan huci na barci a cikin lungun nan, ido ɗaya rufe ɗaya buɗe, ba mai shiga. In sun farka za su fita farauta, baƙo biyar kaɗai ke shiga, kowa ya kwanta kan gungumen itace ya jira. Ba a bin su, ba a kiran su, ba a taɓa su. In sun zo sun zo, in ba su zo ba a fito. Kowa kuma sai an ɗaure masa wuyan hannu biyu da siririn zare, wanda ko jariri zai tsinka. Ta ce, "Zaren ba ya hana ka komai. Faɗa mini kawai yake yi." Wanda ya fito da zare tsinkakke ba ya sake shiga. Ta ƙarshe ita ce ta fi ba ni mamaki: ba a ba su abinci, ba a ma ci a inda za su gani. Masuntan wurin in za su ci a jirgi sai su sunkuya su juya wa ruwa baya, kowa shi kaɗai. Na ce a raina, wannan wace irin ƙasa ce ta marowata?

Kwana tara ina shiga ruwa da zare a hannu. Kwana tara suna wucewa can nesa, sai hucinsu nake ji, fuu, fuu. Baƙin da muke shiga tare su fito suna murna wai sun ga baya, sun ga wutsiya, da yamma su hau jiragensu su tafi. Ni da na yi shekara bakwai a hanya, baya da wutsiya za su yi mini me? Na ce wa Iya, "Iya, ko dai ba sa son baƙo mai furfura ne?" Ta ce, "Ba su aiko a kira ka ba, kai ka zo."

Ta ara mini wani tsohon kwalekwale da bukka a ƙarshen gaɓa, ina su a bayan duwatsun ina ciyar da kaina. Mutanen wurin ba mugaye ba ne, amma maganarsu kaɗan ce, gaisuwarsu ɗaga haɓa. Sai in yini ban buɗe baki ba.

To, ran nan da azahar ina cikin kwalekwale a bayan dutse, na buɗe ganye zan ci gasasshen kifina. Ni dai ban iya sunkuyon nan nasu ba. Na kai loma baki ke nan sai na ji fuu a gefena. Na waiga. Wata babbar 'yar huci ce da ta baro 'yan uwanta suna barci, da tsaga a fiffiken bayanta, ɗanta manne da gefenta. Ta kwanta kan gefe ɗaya ta fito da ido tana kallona. Ido sosai fa, irin na mutum. Shekara bakwai ba wanda ya dube ni ina ci. Kafin in yi tunani bakina ya ce, "Bismillah." Kafin in kama bakin, hannuna ya shiga kwando ya ɗauko ɗanyen kifi. Na san doka sarai, ba mantuwa na yi ba. Amma marin uwata ya riga dokar Iya zama a jikina, kuma kunya ta hana ni hadiye loma ido na kaina. Ta karɓa a hankali, ko yatsana ba ta taɓa ba.

Ranar na koma bukka ina waƙa. Washegari ta dawo, jibi ma haka. Na sa mata suna Tsaga. In na yi wani ɗan fito da muke kiran juna da shi a kogi, sai in hango fiffikenta ya yanko ruwa. In ci, ta ci, ina ba ta labari. Na gaya mata yadda Tasalla ke cika yaji a miya ta kuma rantse ba ta sa ba. Na gaya mata sunayen yarana, waɗanda ban furta ba tun ranar da na rufe su. Ta yi 'yan ƙararrakinta, ni kuma in ce, "Ƙwarai kuwa, haka aka yi." Ku yi dariya in kun ga dama. Wata guda na yi ina da abokin ci, ban kuwa taɓa jin daɗin wata kamar wannan ba tun da na bar gida.

Akwai abin da na gani na kau da kai. Da fari ɗan yana manne da ita. Daga baya sai ta riƙa barinsa can baya, ta zo ta yini a gindin kwalekwalena ko na gama ci, shi kuwa yana ta kewaye shi kaɗai. Sauran 'yan uwanta su fita farauta, ita tana nan. Bayan kan ɗan ya fara lotsawa. Na ce wa kaina ai haka yara suke in suna girma.

Wata safiya ina gyaran komar kamun kifi sai ga Iya Yalwa a ƙofar bukkata. Ba ta taɓa zuwa ba. Ta tsaya ta ce, "Jiya mai tsagar nan ta je gindin jirgin wani masunci ta buɗe baki. Shekara sittin ina gaɓar nan, uwata ma a nan ta tsufa, ba mu taɓa ganin ɗan huci ya yi roƙo ba. Wa ya koya mata?"

Na ce, "Iya, kifi ɗaya ne fa a rana, ko biyu."

"Kai ne ke nan."

Raina ya ɓaci, na miƙe. "Ni ne! A garinmu ba a ci ido na kallo. Ku da kuke juya wa duniya baya kuna cusa abinci kamar ɓarayi, ku za ku koya mini mutunci? Ita kaɗai ce a ƙasar nan ta zo inda nake!"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ka ga ɗanta?" Na kau da kai. Ta ce, "Ka gan shi. Nono ba ya zuwa da kifi biyu, kuma ba a shan sa uwa na tsaye a gindin jirgi. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, shida ɗin nan da ka gani a tafkin Gagarau, kana tsammani da ganga ya kama su? Ganga kora take yi. Da kifi a hannu ya kama su. Saura kwana arba'in iska ta juya, jiragensa su zo bakin duwatsun can, inda ikona ya ƙare. Duk shekara suna zuwa, su miƙa kifi, su koma da abinsu, don namu ba su san hannu ba. Bana akwai wadda ta sani."

Na zauna kan komar. Na ce, "In na bar garin fa?"

"In ka tafi ta nemi wani jirgin. Kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Kullum da azahar ka fita inda kuka saba, da kifi cike da kwando. In ta zo ka ci abincinka a gabanta, kada ka ba ta ko ƙaya. Har sai ta gane hannun mutum ba ya ba da komai."

Na ce, "Iya, ki sa a yi mini bulala ɗari, ya fi mini sauƙi."

Ta ce, "Bulalarka ba ta shayar da ɗa." Ta juya ta tafi.

Ranar farko Tsaga ta zo da murnarta, ta kwanta kan gefe, ta buɗe baki. Na kai loma baki. Ta bugi kwalekwalen da hanci a hankali, ta sake bugawa, ta yi ƙara. Ina taunawa hawaye na zuba cikin ganyen, ina cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri, ba rowa ba ce." Haka muka yi kwana goma sha biyar, kullum tana zuwa, kullum tana yini. Ɗan ya ƙara ramewa har haƙarƙarinsa ya fito.

Iya ta biyo ni a jirginta ran na goma sha shida, ta tsaya nesa tana kallo. Da muka fito ta ce, "Ka hana ta kifi, kana ba ta hira. Muryarka ma abinci ce a wurinta. Daga gobe ka rufe bakinka, ka juya mata baya."

Na ce, "Haba Iya! Maganar ma?"

"Maganar ma."

Nan ne na koyi sunkuyon da na zaga. In juya baya, in dunƙule, in ci kamar ɓarawo, ina jin hucinta a ƙeyata. Ta zagayo gabana, in sake juyawa. Wata rana ta ɗauko ganyen teku a hanci ta jefo mini cikin kwalekwale, irin wasan da muke yi da. Na bar shi a nan ya bushe, ban taɓa ba. Na tsani Iya a kwanakin nan, na tsani teku, na tsani makahon da ya nuna mini hanya. In na koma bukka ba wanda zan gaya wa, sai in zauna ina kallon bango har a kira magariba.

Ran na ashirin da shida ta zo ta yi ɗan jim ta tafi. Ran na talatin ta leƙo daga nesa. Ran na talatin da uku ba ta zo ba. Na zauna har la'asar da kifi a kwando, na san abin da ake nema ke nan, amma ina ta waige ko zan ga fiffike. Ban iya cin komai ba ranar.

Iska ba ta cika arba'in ba, ran na talatin da bakwai ta juya. Da la'asar sai ga jirage uku na Gagarau a bakin duwatsu, ba ganga, shiru kamar mutanen kirki. Biyu sun ja taru, wato babbar raga, a tsakaninsu a ƙarƙashin ruwa, na tsakiya kuwa mutane sun jeru a gefensa kowa da kifi a hannu, suna kaɗawa. Iya ta ce in shiga jirginta, muka tsaya daga ciki, inda ikonta ya tsaya. 'Yan huci suka farka suka taho za su fita, wajen su talatin. Suka rabe ta gefen dutse, nesa da jiragen, yadda suka saba. Sai ɗaya ta ware. Na ga tsagar tun daga nesa, ɗan yana binta a baya.

Ta nufi jirgin tsakiya kai tsaye. Na hango Gagarau ya miƙe yana yi wa masu taru alama da hannu. Na haɗa leɓe zan yi fiton nan, na san ko a ina take in ta ji za ta juyo. Iya ta damƙi wuyan hannuna, tsohuwar nan ashe ƙarfi gare ta.

"Kada ka kuskura."

"Iya, za su kama ta!"

"In ka kira ta yau ta zo, ka maido ta ranar farko. Gobe suna nan, jibi suna nan. Ranar da ba ka nan wa zai kira ta?"

Na cije leɓe har na ji gishirin jini. Tsaga ta isa kusa da jirgin, tsawon gwangwala biyu tsakaninta da bakin tarun. Ta kwanta kan gefe ta fito da ido, yadda take yi mini. Wani ya miƙa kifi har yana taɓa ruwa. Ta daɗe tana kallon hannun nan. Ni dai ban san abin da ke cikin kan ɗan huci ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Na dai ga ta yi huci ɗaya, ta juya, ta sa ɗanta a gefe, suka nutse. Da suka ɓullo suna can cikin 'yan uwansu, sun wuce duwatsu. Gagarau ya yi jifa da hularsa cikin ruwa. Kwana shida suka yi suna miƙa kifi, ran na bakwai suka naɗe tarunsu.

Iya ta saki hannuna ta ce, "Barka."

Sai da wata biyu suka wuce ta yarda na sake shiga ruwa. Ta ɗaura mini zaren da kanta, ta ce, "Anaruwa, ka san sauran." Ranar ce ta fara kiran sunana. Na kwanta kan gorana ina jira. Suka taho, wannan karon ba su rabe ba, ta kaina suka biyo, ta dama, ta hagu, ta ƙarƙashina, ruwan duk ya cika da ƙararrakinsu har ina ji a ƙirjina. Ɗan ya yi ɓul-ɓul, lotsawar nan ta cike. Ya zagaye ni sau biyu don ƙuruciya, ya matso har in na miƙa yatsa zan taɓa shi. Sai ga uwar. Ta zo daidai fuskata, ta karkata, ta dube ni da idon nan. Na matse hannuwana a jikin goran. Ta shiga tsakanina da ɗanta, ta tura shi gaba, suka wuce.

Da na fito na miƙa wa Iya hannu, zaren yana nan lafiya lau. Ta warware shi tana cewa, "Ka gani, ta manta da kai." Na ce, "A'a Iya, ta gane ni sarai. Wucewa ta yi."

Iya Yalwa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, ta bar mini murzar zare da tsaron gaɓa. Gorunan da za ku hau ni na kawo su gaɓar nan. Tsaga tana nan, ta sake haihuwa biyu. Kullum da la'asar takan wuce ta gabana, ban sake yi mata fito ba, ita ma ba ta sake tsayawa ba. Makahon nan ya ce zuciya takan yi sauƙi. Ban sani ba, wataƙila taku ta yi.

Iyakar abin da ya same ni ke nan, na faɗa yadda ya faru, inda na ƙara gishiri Allah ya yafe mini, teku ce ta saba mini da shi. Ga shi rana ta karkata, kun ji hucin can? Sun farka. Mai jar hula, miƙo hannuwanka, haɗa su, yauwa. Ba ya zafi. In sun zo kada ka bi, in sun wuce kada ka kira.

In mun fito kuma, na tuƙa tuwo yana can tudu bayan bukka, inda ruwa ba ya gani. Akushin babba ne, yana ɗaukar mutum goma sha biyu. Wanda jirginsa ba ya sauri ya tsaya mu ci. Na jiya duk sauri suke yi.